Kai ya turo gaba, wuya na ciwo: atisaye ta kiran bidiyo yana gyarawa kuwa?

Maman Ihsan, Kubwa

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawarar masana nake nema a kan ƙanwata, shekararta 29. Aikin kwamfuta take yi a wani ofis a Wuse, gidanta kuma a Mararaba. In aka dube ta daga gefe, kunnenta ya wuce kafaɗarta gaba sosai, haɓarta a tsire, gindin wuyanta kuma ya fara yin kamar ɗan doro. Ciwon yakan taso daga ƙeya bayan azahar, ya sauko tsakanin kafaɗu, wata rana ya hau kai. Wata biyar ke nan. Ba ta yi hatsari ba, hannayenta ba sa sagewa.

An ce ta riƙa zuwa sashen fisiyo, wato na gashin ƙashi da motsa jiki, sau biyu a mako, amma duk wanda ya san cunkoson Nyanya da safe ya san wannan ba zai ɗore ba. Wata likitar fisiyo ta ce za ta iya bin ta ta kiran bidiyo. Shin hakan magani ne na gaske? Yaya ake auna wuyan da ba a taɓa ba? Wane atisaye ne, sau nawa, kuma ta yaya za ta gane tana yin sa ba daidai ba?

Ɗan Gwagwalada, likitan fisiyo

Wa alaikumus salam, Maman Ihsan. Allah ya ba ta lafiya. Yana yiwuwa ƙwarai, domin maganin wannan matsala kusan duka a jikin mai ita yake. Aikin likita shi ne ya auna, ya koyar, ya gyara kuskure, kuma kyamara tana ɗaukar mafi yawan wannan. Amma da sharaɗi guda: ganin farko ya zama ido da ido. Akwai abin da sai an sa hannu, kamar ƙarfin damƙa, da yadda jijiya ke amsawa in an buga ta da 'yar gudumar roba, da jin taɓi a yatsu, da motsin gaɓoɓin wuya ɗaya bayan ɗaya. Rana guda ce. Ta nemi izini a ofis ta je Babban Asibitin Ƙasa, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja, ko duk inda ya fi mata kusa mai sashen fisiyo.

Akwai alamomin da in ɗaya ta bayyana, maganar bidiyo ta ƙare, asibiti za a nufa: sagewa ko mutuwar hannu, musamman hannu biyu, kasa ɓalla maɓalli ko yawan suɓucewar abu daga hannu, tangaɗi a tafiya, jiri, ganin abu biyu-biyu, karyewar harshe ko wahalar haɗiya, zazzaɓi da gumin dare da ramewa, domin tarin fuka yana kama ƙashin baya a ƙasar nan, ciwon da ke tada mutum daga barci ba ya lafawa ko yaya ya kwanta. Haka wanda ya faɗi daga babur, ko mai amosanin gaɓoɓi irin na rumatoyid, ko wanda aka taɓa yi wa maganin daji.

To, me ke faruwa a wuyan? Kan baligi yana da nauyin kilo 4 da rabi zuwa 5 da rabi. In ya turo gaba, ƙasan wuya yana karkata gaba, saman wuya kuma yana lanƙwashewa baya don ido ya ci gaba da kallon allon kwamfuta. Shi ya sa haɓa take tsirewa. 'Yan ƙananan tsokokin da ke gindin ƙeya sai su wuni a takure, daga nan ciwon kan yake tasowa. Tsokokin zurfi na gaban wuya, waɗanda ke manne da ƙashi a bayan maƙogwaro (a littafin likita sunansu longus koli da longus kafitis), sai su yi rauni, su bar aikin ga manyan tsokoki biyu na waje, waɗanda ke saukowa daga bayan kunne zuwa saman ƙirji. Cewa mutum "miƙe wuyanki" ba ya gyara wannan, minti biyu zai koma.

Awo kuwa da hoto ake yi. A nemi wani ya taimaka. Ta sunkuyar da kai, a laluba gindin wuya, ƙashin da ya fi fitowa shi ne C7. Wani lokaci biyu ne ke fitowa. In ta ɗaga kai sama, na saman yakan shige ciki, wanda ya tsaya shi ne ake nema. A manna masa 'yar filasta da aka dunƙule don ta yi tsini a gani daga gefe. Alama ta biyu a kan ɗan guringuntsin nan da ke bakin ramin kunne. Waya a ajiye ta a kan abu, kada a riƙe a hannu, tsayinta daidai kafaɗa, nisa mita ɗaya da rabi, tana kallon gefen jiki sak. Ta yi tafiya a waje ɗaya sau biyar, ta tsaya yadda ta saba, ta kalli wani abu a bango daidai idonta, a ɗauka. Sau uku. A hoton, a ja layi a kwance ta kan C7, a ja wani daga C7 zuwa alamar kunne. Kusurwar da ke tsakaninsu ita ake karantawa. In ta gaza digiri 50 ko kusa da haka, akasari ana cewa kan ya turo gaba. Ƙanƙantar lambar, yawan turowar. Likitar za ta iya aunawa da manhaja irin Kinovea, wadda kyauta ce, ko a buga hoton a takarda a sa ma'aunin kusurwa na akwatin lissafin 'yan sakandare.

Kuskuren da ya fi ɓata awon nan shi ne mutum ya gyara tsayuwa da zarar ya ga kyamara. Sai a samu 54 a makon farko, 49 a mako na shida, a ce ciwo ya ƙaru, alhali hoton farko ne ƙarya.

Yanzu atisayen farko, kuma shi ne ginshiƙi. Ta kwanta rigingine a kan darduma ko tabarma, ban da katifa mai laushi. Gwiwoyi a lanƙwashe. In haɓarta tana kallon rufi, a ninke tawul a sa ƙarƙashin kai har goshi da haɓa su yi daidai a kwance. Harshe a dasashin sama, haƙora ba a cije ba. Sai ta gyaɗa kai a hankali kamar mai cewa "i" ba tare da son a gani ba, ido yana sauka daga rufi zuwa gwiwoyi. Ƙeya tana ɗan zamewa sama a kan tawul, amma kai ba ya tashi, kuma ba ya danna ƙasa. Motsin ƙanƙane ne ƙwarai, har za ta ji kamar ba ta yin komai. Ta riƙe daƙiƙa 10 tana numfashi, ta saki, ta huta daƙiƙa 10. Sau 10, safe da yamma. In goman ta gagara a fara da riƙon daƙiƙa 5 sau biyar.

Yadda za ta kama kanta: ta ɗora yatsu biyu a kan babbar tsokar gefen wuya, kusa da inda ta haɗu da ƙashin ƙirji. In tsokar ta tashi ta yi tauri kamar igiya, an wuce gona da iri, manyan tsokoki sun ƙwace aikin. A rage gyaɗawar da rabi. Sauran alamun kuskure: riƙe numfashi, karkarwar haɓa, ɗaga kafaɗu, ciwon muƙamuƙi bayan an gama. Duk waɗannan ana ganinsu a bidiyo in an ajiye waya a ƙasa, a gefenta, nisan mita guda, ƙeya da gefen wuya a bayyane.

Maman Ihsan, Kubwa

Na gode, Likita, Allah ya saka da alheri. Ta gwada da daddare, ta ce tsokar gefen ta yi tauri tun a karo na uku, kuma ta tashi da ɗan ciwon kai. Ta daina ne, ko ta ci gaba? Sannan wannan kaɗai za ta yi?

Hajiya Mai Fisiyo, Garki

Maman Ihsan, sannu da ƙoƙari a kan 'yar'uwa. Kada ta daina, ta rage. Taurin a karo na uku yana nufin ƙarfin tsokar zurfinta bai wuce karo biyu ba a yanzu, to ta yi biyu masu kyau, ta huta minti guda, ta sake biyu. Ciwon kan kuma galibi daga danna ƙeya a ƙasa yake zuwa. Ta sa tafin hannu ƙarƙashin kai. Nauyin da hannun ke ji kada ya ƙaru, kada ya ragu. In ciwon kan ya zo da jiri ko dishi-dishin gani, wannan daban ne, ta tsaya ta kira likitarta.

Malam ya yi bayani mai kyau, amma zan ɗan ja masa a kan kusurwa. Ba na son mara lafiya ta ɗauki lambar nan ta zama ita ce lafiyarta. Akwai masu 45 da ba su san ciwon wuya ba, akwai masu 55 da ke kwana da shi. A manya an ga alaƙa tsakanin turowar kai da ciwo, amma ba mai ƙarfi ba ce, a matasa kuwa binciken da aka yi kan 'yan shekara 17 a Ostiraliya bai ga alaƙar ba. Haka lissafin nan da ke yawo a Facebook, cewa sunkuyo na digiri 60 yana ɗora wa wuya kilo 27. Daga aikin wani likitan ƙashin baya na Amurka ne, Kenneth Hansraj, a 2014, kuma lissafin kwamfuta ne, ba awo a jikin mutane ba. Yana da amfani wajen fahimtar da mutum, amma yana tsorata wasu har su sandare wuya su daina motsa shi, wanda shi kansa ciwo yake kawowa. Bambancin digiri 2 ko 3 tsakanin hoto da hoto kuwa yana iya zama kuskuren manna filasta kawai.

Abin da na fi so a bibiya uku ne. Ciwo daga sifili zuwa 10, a rubuta kullum da la'asar. Minti nawa take yi a gaban kwamfuta kafin ya taso. Sai takardar tambayoyi goma ta auna naƙasun wuya, wadda ake ce wa NDI, makinta daga sifili zuwa 50, an ma fassara ta zuwa Hausa. A cika ta a farko, a sake bayan mako huɗu. Akwai kuma gwajin juriya da ke yiwuwa a bidiyo: a kwance, a shigar da haɓa, a ɗaga kai kamar santimita 2 da rabi, a ƙirga har haɓar ta kuɓuce. A masu lafiya an samu matsakaicin kusan daƙiƙa 39 ga maza, 29 ga mata. Masu ciwon wuya da yawa ba sa kai nan. Wannan gwaji ne na wata-wata, kada ta mai da shi atisayen kullum tun yanzu.

Gyaɗawar kaɗai ba za ta isa ba, domin wuya a kan ƙirji da kafaɗu yake zaune. In saman baya ya ranƙwafa, dole kai ya turo. Daga mako na biyu a ƙara waɗannan.

Na zaune, wanda za ta yi a ofis: ta fara daga ƙugu, ta ɗan mirgino shi gaba har ta zauna a kan ƙasusuwan zama, ƙirji ya ɗan tashi, sannan ta tsawaita bayan wuya kamar ana jan ƙeyarta sama da zare. Daƙiƙa 10. A yini kamar sau goma sha biyar, a warwatse. Masu yin sa da ƙarfi suna matse haɓa har murya ta shaƙe. Kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinta ya wadatar.

Na saman baya: kujera mai gajeren jingina, wadda bakinta ya tsaya daidai ƙasan allon kafaɗa. Hannu biyu a ƙeya suna tallafe da kai, gwiwoyin hannu suna kallon gaba, ta kwanta baya a kan bakin kujerar tana fitar da numfashi. Sau 8 zuwa 10. In a tsatso take jin lanƙwasar, ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya don ta kulle shi.

Na kafaɗu shi ne mai nauyi. A samu robar atisaye mai talewa, a ƙulla a marikin ƙofar da aka rufe. Ta ja gwiwoyin hannu baya, allunan kafaɗa suna matsowa juna suna ɗan sauka, ta saki a hankali cikin daƙiƙa uku. Sau 12, zagaye uku, kwana uku a mako. In ta gama sha biyun ba ta ji komai ba, robar ta yi laushi, a gajarta ta ko a ninka. Nan ne mutane da yawa ke tsayawa cik: wata biyu da roba ɗaya, ƙarfi bai ƙaru ba. Kuskurensa shi ne kafaɗu su hau kunne, ko haɓa ta tsire gaba yayin ja, kuma don a ga na farkon sai an juya wa kyamara baya.

Miƙa tsokar ƙirji a bakin ƙofa, daƙiƙa 30 sau uku, ya isa. Ba na yawan ba da janyo kai gefe da hannu, domin yana daɗi a lokacin amma ba ya daɗewa, kuma mai jijiyar da ta fusata yana iya tsokano ta.

Ƙa'idar ciwo: in bai wuce 3 cikin 10 ba lokacin atisaye, kuma ya koma yadda yake kafin washegari, a ci gaba. In ya gangaro hannu, a tsaya. Lokaci kuma a ɗaura shi da abin da ba ya tashi: na kwance bayan asuba da bayan isha'i, tun ba a naɗe darduma ba. Mako 6 zuwa 8 ake ba shi kafin a yanke hukunci.

Teburin ofis ma a nuna wa likitar a bidiyo, a tsakiyar aiki, wani ya ɗauka ba tare da ta shirya ba. Laftof a kan tebur kai tsaye ita ce babbar matsala: a ɗora ta kan rim biyu na takarda ko abin da zai kai saman allon daidai ido, a sayi kibod da linzami na daban. Nisan allo kamar tsawon hannu. Ta tashi duk minti 30, ko da zuwa ɗebo ruwa ne. A kuma duba idonta. Wanda ba ya ganin rubutu sosai zai miƙa wuya ko an koya masa atisaye ɗari. Kuma awa biyu a cikin mota ana sunkuye kan waya a hanyar Mararaba suna cikin lissafi.

Abban Sultan, Lugbe

Gaisuwa ga likitocinmu. Ni ta ɓangaren na'ura zan sa baki, don a nan zaman bidiyo yake yawan lalacewa.

Haske ya fito daga bayan wayar, ba daga bayan mara lafiya ba. In taga tana bayanta, inuwa kawai likita za ta gani. Zaman safe ya fi, don ba a dogara da wuta ba. Bango ya zama fili, kuma yana da kyau bakin ƙofa ya fito a hoton, da shi ake gane ko wayar ta karkace. Kyamarar baya za a yi amfani da ita a ma'aunin 1, kada a sa 0.5, yana lanƙwasa gefunan hoto. A yi alama da filasta a ƙasa inda ƙafafunta suka tsaya da inda wayar take, don hoton wata mai zuwa ya yi daidai da na yau. In za a tura ta WhatsApp, a tura a matsayin takarda, in ba haka ba ana matse hoton 'yar alamar ta dushe.

Netwok yana jinkiri, saboda haka ita za ta riƙa ƙirga daƙiƙoƙinta da baki, wanda kuma yana hana ta riƙe numfashi. Inda kira ke yankewa, ta ɗauki bidiyon minti ɗaya na kowane atisaye ta tura, likita ta amsa da saƙon murya.

Sai maganar sutura, wadda take da muhimmanci a wajenmu. Dole wuya da kunne da saman kafaɗa su bayyana, ba a auna komai ta cikin hijabi. Tunda mace ce likitar, da sauƙi: ɗaki a rufe, gashi a ɗaure cikin hula, riga mai buɗaɗɗen wuya. A yi yarjejeniya tun farko a kan wa zai ga hotunan, ina za a ajiye su, yaushe za a goge, kuma ba a naɗar kira sai da izini. Hoton gefe ana iya rufe ido a jikinsa ba tare da an taɓa alamomin ba. Ta kuma nemi lambar rajistar likitar. Hukumar MRTB ce ke ba likitocin fisiyo lasisi a Najeriya, kuma intanet cike take da masu sayar da bel ɗin gyaran kafaɗa suna kiran kansu ƙwararru.

Ɗan Gwagwalada, likitan fisiyo

Hajiya, na karɓi gyaran. Kusurwa shaida ce ɗaya cikin biyar, kuma in ciwo ya sauka, juriya ta hau, lambar ba ta motsa ba, an yi nasara. Bel ɗin da Abban Sultan ya ambata da abin ɗaure wuya na soso, kada ta saya; suna riƙe abin da ake so tsoka ta koyi riƙewa. Kada kuma ta bari mai tausa ko wani a gida ya murɗa mata wuya don ya yi ƙara.

Tunda ƙanwar taki tana wuce gona da iri, Maman Ihsan, ga dabarar da ke maye gurbin hannun likita. Hanyar gyaɗawar nan daga aikin Farfesa Gwendolen Jull ta Jami'ar Queensland ta fito, kuma asali da 'yar jakar iska mai agogo ake koyar da ita. In a gida akwai na'urar awon hawan jini ta hannu, mai famfo da agogo (ta batir ba ta yi), a naɗe ɗamarar gida uku, a sa ta a bayan wuya tana taɓa gindin ƙeya, a hura har allura ta tsaya a 20. A ɗan matsa jakar iskar ta bazu, a sake daidaitawa, don takan sauka da kanta a farko. Gyaɗawa mai kyau tana kai allurar 22. Matakan biyar ne: 22, 24, 26, 28, 30. Ba a hawa na gaba sai an riƙe na yanzu daƙiƙa 10 sau goma, allura a tsaye, tsokar gefe a sake. In allurar ta yi tsalle zuwa 30 nan take, danna kai aka yi. In an saki ba ta dawo 20 ba, wuyan bai koma mazauninsa ba ko iska na zurarewa ta bakin famfo. Agogon ta riƙe shi sama da ƙirji inda za ta gani ba tare da ta ɗago ba, a ƙarshen kowane riƙo ta faɗa wa likitar lambar.

Tsarin zama da ya dace da irin nata: sau ɗaya a mako, minti 20 zuwa 30, na mako huɗun farko, sannan duk mako biyu. In an kai mako shida tana yi da gaske amma ciwo bai ragu ba ko kaɗan, ta koma a sake duba ta ido da ido.

Maman Ihsan, Kubwa

Mahaifiyarmu tana da irin na'urar mai famfo, zan karɓo mata. Ta samu izinin ranar Alhamis don ganin farko. Tambaya ɗaya ta rage: matashin kai fa? Biyu take ɗorawa.

Hajiya Mai Fisiyo, Garki

In rigingine take kwana, biyu sun yi yawa, suna tura kan gaba dare guda cur. Ɗaya, wanda ya cike ramin wuya, kafaɗu kuma ba su hau kansa ba. In a gefe take kwana, kaurinsa ya kai tazarar kunne da bakin kafaɗa, yadda hanci zai yi layi ɗaya da tsakiyar ƙirji. A nan biyu marasa kauri na iya zama daidai. Kada ta cire na biyun dare ɗaya, ta maye shi da tawul a ninke na mako guda tukuna. Ranar Alhamis ta tafi da hoton teburinta da na shimfiɗarta, da takardar da ta rubuta makin ciwon kwanakin nan.